Kashi na Uku da Kunnen 'Yata

Tun kafin a kawo akwatin bidiyo gidanmu nake ƙirga kalmomin 'yata. Ba wanda ya sa ni. Tana da shekara ɗaya da rabi ta iya guda tara: baba, mama, ruwa, tuwo, zo, a'a, kaza, wuta, da wata da take kiran takalmi da ita, wadda ni kaɗai na san ma'anarta. Sai ƙyanda ta kama ta da bazara. Allah ya sa da sauran kwananta, ta tashi, amma kunnuwanta suka fara zubar da ruwa mai wari. Kullum da safe sai in tarar ya bushe a kan zanen da na shimfiɗa mata. Daga nan kalmomin suka soma tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kaza ce ta fara tafiya. Bayan wata biyu na nemi tuwo a bakinta na rasa, sai dai ta nuna tukunya da yatsa.

Ina wanke-wanke ina ƙirgawa, ina tankaɗe ina ƙirgawa. Da uwata ta zo daga Kagara na faɗa mata, ta ce kowane yaro da lokacin bakinsa, ai ƙanena ma sai da ya shekara uku ya yi magana. Ban musa mata ba. Amma ƙanena bai taɓa fara magana ya daina ba.

Mijina mai gyaran rediyo da talabijin ne. Shagonsa yana jikin gidan da muke zaune a Dutsen Kura, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa tsakar gida, labule ne kawai ya raba mu. Ya samu wani mataccen akwatin bidiyo ya yi sati uku yana fama da shi har ya tashi. Daga ranar shagon ya zama majalisa. Asabar da Lahadi bayan la'asar, in da wuta, maza kan cika benci biyu, wasu a tsaye a bakin ƙofa. Amma 'yan gindin majalisar uku ne: mijina, da wani malamin firamare mutumin Bida, da wani mai walda ɗan Gwada da ke da rumfa a tsallaken titi.

Fim ɗin da ya shiga ransu na Turawa ne, kashi-kashi. Labarin wasu mutane ne da ruwan duniyarsu ya ƙare, suka hau wani jirgi mai girman gari suka shiga sararin sama neman inda za su zauna. A kashi na farko tafiya ake ta yi, ana awon ruwa da cokali, ana shawara. A kashi na biyu sun samu wata duniyar, ashe da masu ita, wasu halittu marasa fuska, sai yaƙi daga farko har ƙarshe. Ni ba Turanci nake ji ba, aji uku na yi aka cire ni. Su ma ɗin ba ji suke yi sosai ba, ban da Malam. Don haka suka yi tsari: in Turawan suka yi doguwar magana sai mijina ya danna ya tsayar da hoton, Malam ya miƙe tsaye ya fassara, sannan a ci gaba. Fim ɗin awa biyu sai ya ci musu awa huɗu. Ni kuwa ina bayan labule da tiren shinkafa ina tsinta, ina jin komai.

Gardamar tasu ba ta da wuyar ganewa. Malam yana cewa kashi na farko shi ne fim, da masu shi suna da hankali da nan suka tsaya, na biyu hayaniya ce kawai aka haɗa don yara. Mijina yana cewa na farko surutu ne, shi ya sa Malam ke son sa, don a nan ne yake samun damar miƙewa ya yi ta zuba kamar yana aji. Kakan mijina Bakatsine ne, Malam kuwa Banufe, to akwai wasa tsakaninsu, ba a jin haushi.

“Kai bawana ne, ba ka san hikima ba,” in ji Malam. “In ba a fasa abu ba, ba ka gane an yi fim.”

“Malam, rabin hikimar nan taka ce, ba ta Bature ba. Mutum ya buɗe baki sau biyu, kai ka yi mana huɗubar Juma'a.”

Mai walda bai cika magana ba. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kuma sai an ɗaga murya yake ji, don ƙarar ƙarfe ta taɓa masa kunne. Shi abin da ya dame shi jirgin ne, yadda aka haɗa ƙarafansa. Yakan ce a jira kashi na uku, ba a yanke wa ƙofa hukunci tun ba a sa mata marfi ba, ya san haka daga aikinsa.

'Yata kuwa wurinta cinyar babanta. Da ta ga ya jawo kujera gaban talabijin za ta saki zanena ta ruga. Tana da shekara biyu da 'yan watanni a lokacin. A kashi na biyu akwai wurin da wani dutse ke fashewa, ƙarar har kwanukan da ke kan kantar ɗakina suke amsawa. Manya kan zabura. Yaran maƙwabta da ke leƙe ta taga kan toshe kunne. Ita ko gezau. Idonta na kan hasken, tana buɗe tafin hannu tana rufewa yadda wutar ke yi.

Mijina ya lura da haka, amma abin da ya gani daban da nawa. Ya ɗaga ta sama ya nuna wa majalisa, ya ce ga shaida. A kashi na farko barci take yi, a na biyu ko ƙiftawa ba ta yi, yarinya ma ta san fim mai kyau. Ya ce jaruma ce, jininsa ce, Malam da gemunsa yana zabura ita tana zaune daram. Aka yi ta dariya. Daga ranar duk wanda ya shigo shagon sai an mayar masa da kaset baya zuwa wurin dutsen, an ƙara murya, a nuna masa jarumar. Ina bayan labule ina kallon ƙeyarta. A lokacin kalmomi uku suka rage mata.

Akwai maƙwabciyarmu mai aiki a asibiti, Kirista ce, kowa Sista yake ce mata. Wata rana ta shigo aron turmi, na rasa yadda aka yi na fashe mata da kuka. Sai ta zaunar da yarinyar a kan tabarma ta ba ta marfin kwalba tana wasa, ta zagaya bayanta da kwanon sha da cokali. Ta buga ta dama, shiru. Ta buga ta hagu da ƙarfi, yarinyar ta ɗan karkata kai kamar ƙuda ya wuce. Sista ta duba cikin kunnuwan, ta sunsuna, ta goge hannu a zanenta.

“Ƙanwata, na hagun nan da saura. Amma ruwan nan ci yake yi a ciki. Akwai likitan kunne da ke zuwa daga nesa, sau ɗaya a wata, ranar Alhamis. Wannan watan ki kai ta. Kada ki ce sai wani.”

Saura kwana goma sha biyu. Ban taɓa fita unguwa ban tambayi mijina ba, balle asibiti. Na jira ya ci abinci ya sha ruwa, na durƙusa gefe na faɗa masa abin da Sista ta ce. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce yarinyar da ke zama awa huɗu gaban fim, tana bin labari, Malam na fassara tana kallon bakinsa, ita ce ba ta ji? Na ce Maigida, bakin take kallo, shi ya sa. Ya ce ni dai ba na rabo da tsoro, in kaza ta yi tari sai in ce annoba. Ruwan kunne kuma wane yaro ne bai yi ba? A ɗiga mata man kaɗanya. Ya ce ba zai ɗauki 'yarsa ya kai layin kurame ba mutane su gani, bayan duk Dutsen Kura an san ta da jarumta. Da na sake magana ya ce to, to, zai duba, a bari ya huta.

Ban ce mugu ne ba. Yana son ta fiye da yadda maza da yawa ke son 'ya mace. Ba ya shigowa gida hannu sake, ko alewa ɗaya ce sai ya riƙo mata. Amma ya riga ya faɗi magana a gaban maza, ya maimaita ta sati da sati, kuma a kanta yake cin Malam gardama.

Ranar Asabar da ta biyo baya aka samo kashi na uku. Wani direba ya zo da kaset ɗin daga Kaduna, an kwafa daga kwafi, hoton yana rawa, fuskokin duk sun yi kore. Shagon ya cika har titi. Ni ma na ajiye tire na matso labule sosai, don tun safe nake neman fuskar mijina in sake tuna masa Alhamis ban samu ba.

Kashi na uku bai yi wa kowa daɗi ba. An koma cikin jirgi, jaruman sun tsufa, ba yaƙi, ba kuma shawara mai ma'ana. Matar da ke shugabancin jirgin, wadda kowa ke so, aka kashe ta tun da wuri ba dalili. Malam ya ce ga abin da yake faɗa, wanda bai san inda zai tsaya ba ƙarshensa ke nan. Mijina ya ce laifin masu son surutu ne irin Malam, su aka biye wa aka cire yaƙin. Mai walda shi kaɗai ya ce a yi haƙuri, jirgin ya fi kyau a nan, an nuna cikinsa. Aka yi masa ca.

Ana tsakiyar haka sai murya ta ɗauke. Hoto na tafiya, bakuna na motsi, ba a jin komai. Maza suka hau gunaguni. Mijina ya sauke yarinyar a kan kujerarsa ya zagaya bayan talabijin yana taɓa wayoyi, ya murɗa abin ƙara murya har ƙarshe, shiru. Wasu suka ce a tsayar, Malam ya ce a bari, ai ko da murya ba abin da ake faɗa. Kowa ya daina kallo, ana ta surutu.

Ita kaɗai ba ta daina ba. Ina ganin gefen fuskarta. Yadda take kallo ɗazu haka take kallo yanzu, ba abin da ya ragu mata. Wani ya faɗi a cikin fim ɗin ta yi 'yar dariyarta. Ba ta waiga ta ga me ya samu mutane ba, don a wurinta ba abin da ya faru.

Ashe ba daga akwatin ba ne, kaset ɗin ne ya goge a wurin. Da ya wuce wurin sai muryar ta dawo gaba ɗaya, a daidai inda ƙofar jirgin ke tsagewa, ga shi an murɗe ta har ƙarshe. Ban taɓa jin ƙara irin wannan a cikin ɗaki ba. Malam ya zubar da shayi a rigarsa. Wani ya faɗo daga benci. Awakin da ke bakin ƙofa suka watse. Yarinyar tana nesa da talabijin da taku biyu, ko kafaɗarta ba ta motsa ba.

Mijina ya rage muryar yana dariya, ya nuna ta ya ce kun gani ko, jaruma. Wasu suka taya shi. Mai walda bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce a hankali, “Oga, yarinyar nan bai ji ba.”

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Shekara huɗu ina gidan ban taɓa shiga shagon da maza a ciki ba. Na tsaya a bayan kujerarta, ko mayafi babu, na kira sunanta. Na sake kira da ƙarfi. Na uku har muryata ta fashe. Tana buɗe hannu tana rufewa.

Turawan suna ta magana ba mai fassarawa. Kowa ya sunkuyar da kai. Mijina yana tsaye riƙe da sukuddireba, bai dubi yarinyar ba, ni yake duba. Malam ya yi gyaran murya, ya goge rigarsa, ya ce shi dai har yanzu yana kan bakansa, da a na farko aka tsaya. Na san don ya rufa wa abokinsa asiri ya faɗa. Wani ya amsa masa, wani ya musa, a hankali surutu ya dawo. Na ɗauki 'yata na koma ciki. Tana ta miƙa hannu wajen hasken tana kuka.

Kwana tara mijina bai yi mini magana ba. In na ajiye abinci sai ya ci ya tashi. Abin da ya tsaya masa shi ne na fito cikin maza kaina a buɗe, na tona shi a gaban majalisarsa. Alhamis ta zo a cikin kwanakin nan. Tun asuba na yi wa yarinyar wanka na sa mata riga mai kyau, na zauna a bakin gado da mayafi a cinya. Ina jin sa a shago yana gwada rediyon wani. Sista ta leƙo da kayan aikinta ta ce in taso mu tafi tare, in ya so in na dawo a yi duk wadda za a yi. Na ce mata ta yi gaba, ina zuwa. Na miƙe sau uku, na kai labule sau ɗaya. Ina tsoron in fita a ce in wuce gidan iyayena Kagara daga can. Ina nan zaune har aka kira azahar, na cire mata rigar na ninke.

Wannan ranar nake yawan komawa. Asibitin nan ba nisa gare shi ba, mota ɗaya ce. Ina iya cewa laifin fim ne, ko na mijina, na kuma sha faɗa a raina. Amma ƙafafuna ne suka ƙi tafiya.

Watan da ya biyo baya likitan bai samu zuwa ba. Na bayansa kuma ya faɗo cikin hidimar Sallah. Mai walda ne ya yi ta bin mijina, kullum in ya rufe rumfa sai ya tsallako ya zauna, ba ya cewa komai sai, “Oga, yaushe?” Har dai mijina ya gaji ya ɗauke mu a babur. Wata huɗu ke nan da ranar da Sista ta buga kwano. Likitan ya duba da 'yar fitilarsa, ya daɗe a kan na hagun. Ya tambayi tun yaushe yake zuba, na faɗa masa, ya ajiye fitilar. Ya ce zai ba da magani ruwan ya tsaya, kuma zai tsaya, amma abin da ya ci ya riga ya ci. Mijina ya tambaye shi da an zo da wuri fa. Ya ce ba shi da tabbas, wataƙila da an tsira da wani abu a na hagun. A lokacin kalmar baba kaɗai ta rage mata, ita ma ba ta ƙarasa shekarar ba.

Majalisa ba ta watse ba. An daina zancen jaruma, shi ke nan abin da ya canza. Bayan shekara biyu aka kawo kashi na huɗu, sai gardamar ta sake sabon tashi. Yanzu Malam da mijina sun haɗe kai suna cewa na huɗu cin amana ne, an kawo wasu yara da ba a san su ba an ba su jirgin, samarin unguwa kuma suna cewa tsofaffi ne ba su gane ba, na huɗu ya fi duka. Har na ukun da aka tsine wa ya samu masu kare shi. Ina jin su ta labule, muryoyin nan dai, dariyar nan dai.

Amma mijina bai ƙara ɗora ta a cinya ba. Ba korar ta yake yi ba. In ta shiga sai ya tashi ya ce akwai abin da zai ɗauko, ko ya ba ta alewa ya juyo da ita wajen labule. Ina ganin ba ya iya kallon ƙeyarta a gaban talabijin ɗin nan. Ita ba ta san dalili ba, ni kuma ba ni da hanyar da zan gaya mata. Ta yi ta gwadawa kusan shekara, sannan ta daina. Yanzu in an kunna sai ta zo ta tsaya kusa da ni, ta sa ido ɗaya a tsagar labulen.

Yanzu shekararta bakwai. Muna da namu alamun da hannu, ni da ita, na ruwa, na yunwa, na ciwo, na babanki ya dawo. Ba su kai talatin ba, kuma ban da mu biyu ba mai gane su. An ce akwai makarantar irinsu, mijina ya ce zai duba. Ƙannenta biyu suna magana, kullum ina bin bayansu ina tafa hannu har sun fara jin haushina. Abin da ke hana ni sukuni yanzu shi ne ta fara fita. Ba na iya tsare ta a tsakar gida kamar da. Takan tsallaka wajen mai walda ta tsaya kallon tartsatsi, shi kuma yakan ajiye aiki ya riƙo hannunta ya maido ta. Ba kullum yake ganin fitowarta ba. Sau biyu ana kawo mini ita da ƙujewa a gwiwa, mai babur yana biye yana faɗa wai ya yi ta danna oda ta ƙi kaucewa, wace irin tarbiyya ce wannan.

Na koma ajin manya na ƙara koyon rubutu, shi ne na rubuta wannan, don ba na iya tsayawa a titi in yi wa kowa bayani. In hanya ta biyo da kai Dutsen Kura a babur ko a mota, ka ga yarinya siririya tana tafiya a gabanka, ka danna oda ba ta waigo ba, don Allah kada ka sake dannawa. Ka rage gudu, ka kewaye ta.